Gudan Jini da Ƙari a Cikin Zuciya: Yadda Ake Gane Su da Yadda Ake Fitar da Su

Ga darasin kiwon lafiya na wannan mako, wanda kuka ji a gidan rediyon ƙasa. Mun buga shi nan domin ku karanta da kanku, sannu a hankali, a wurin karatu ko a gida. Muna gaida ɗalibanmu na ƙasar Arewa: na Dogon Dutsi, Matankari, Dan Kasari, Sukukutan da Dogon Kiriya, da na Tibiri, Gesheme, Dumega da Kore Mairuwa.

Yau za mu yi magana a kan abubuwa biyu da ke iya shiga cikin zuciyar mutum su tare hanyar jini. Na farko gudan jini. Na biyu ƙari. Kada ka ce wannan zancen likitoci ne, ba ruwanka. Wataƙila a garinku ka san mai jego wadda ta kumbura bayan haihuwa, numfashi ya yi mata wuya. Wataƙila ka san matashi wanda ya kwanta lafiya, ya tashi ɓarin jikinsa ya mutu. Sau da yawa tushen abin yana cikin zuciya.

Yadda zuciya take aiki

Dunƙule hannunka, ka dube shi. Girman zuciyarka ke nan. Nauyinta bai wuce giram 300 da kaɗan ba. Tana tsakiyar ƙirji, ta ɗan karkata hagu. Aikinta irin na injin ban ruwa ne da kake gani a garaken Dallol Mauri. Injin yana jawo ruwa ta wannan tiyo, ya tura shi ta wancan. Haka zuciya take jawo jini, ta tura shi.

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5. In yana zaune yana hutawa, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. A yini da kwana tana bugawa wajen sau 100,000. Ba ta hutun salla, ba ta hutun kasuwa.

A cikin zuciya akwai ɗakuna 4: biyu a dama, biyu a hagu. Kowane ɓangare yana da ɗakin sama da ɗakin ƙasa. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu domin ya ɗauko iska. Ɓangaren hagu yana karɓar jinin daga huhu, ya tura shi ƙwaƙwalwa, da hanji, da ƙoda, da hannuwa, da ƙafafu. Akwai kuma ƙofofi 4. Kowace ƙofa tana buɗewa jini ya wuce, sa'an nan ta rufe domin kada ya koma baya.

Ka riƙe wannan da kyau: dama zuwa huhu, hagu zuwa jiki. Za mu dawo kansa.

Mene ne gudan jini?

In ka yanke da lauje, jini ya zuba, bayan ɗan lokaci sai ya daskare ya toshe ciwon. Wannan rahama ce. Da jini ba ya daskarewa, da ƙaramin rauni ya kashe mutum. Matsala tana zuwa ne in jinin ya daskare a inda babu rauni, wato cikin jijiya ko cikin ɗakin zuciya.

Abu uku ne ke kawo haka. Na ɗaya, jini ya rage gudu. Ruwan da ke gudu a ƙorama ba ya yin gansakuka, na kududdufi shi ke yi. Na biyu, bangon zuciya ko na jijiya ya ji rauni daga ciki. Na uku, jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa, kamar yadda yake zama ga mace mai ciki da mai jego, musamman a mako 6 na farko bayan haihuwa.

A ƙasashenmu akwai cututtuka biyu da suka fi jawo gudan jini cikin zuciya. Bari mu duba su.

Ciwon zuciya na masu jego

Wannan ciwo yana kama mace a watan ƙarshe na ciki, ko cikin wata 5 bayan ta haihu. Naman zuciya yana saki, ɗakin ƙasa na hagu ya buɗe kamar tsohuwar salka. Ba ya iya matse jinin da ke cikinsa ya fita duka. Sai jinin ya kwanta a lungu, ya daskare.

A duniya ba a cika ganin wannan ciwo ba, amma a ƙasar Hausa yana da yawa ƙwarai. A asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo, suka buga abin da suka gani a shekarar 1978. Sun yi zargin yawan kunun kanwa, da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa. A Yamai, likita Cénac da abokan aikinsa sun nuna a shekarar 1992 cewa matan da ciwon ya kama suna da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna seleniyom, wanda jiki ke samu daga abinci. A Sakkwato, binciken da aka buga a shekarar 2007 ya sami mace 1 mai ciwon cikin haihuwa 102 a asibitin koyarwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranci binciken mata 406 a asibitocin Najeriya, aka buga shi a shekarar 2020. Wannan bincike bai ɗora laifin a kan al'adun jego ba. Ya nuna ciwon ya fi kama mata ramammu, da marasa sana'a, da waɗanda jininsu ya hau lokacin da suke da ciki, da waɗanda ba su yi karatu ba.

Me za ka ɗauka daga nan? Mai ciki ta ci abinci ta ƙoshi. Ta je awon ciki, a auna mata hawan jini, wato tansiyo. In kuwa zuciya ta riga ta raunana, gishiri da kanwa suna tara ruwa a jiki su ƙara mata nauyi. To sai a janye mata su.

Ciwon maƙogwaro da ke lalata ƙofar zuciya

Na biyun yana farawa tun ƙuruciya. Yaro mai shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. Wata ƙwayar cuta ce ta kawo shi. Ba a ba shi magani ba, ko an kai shi wurin wanzami an cire masa beli. Bayan mako biyu ko uku sai gaɓoɓinsa su kumbura, ciwo ya bar gwiwa ya koma idon sawu. Wannan ma ya wuce, kowa ya manta. Amma a ɓoye ciwon ya taɓa ƙofar zuciya. Duk dawowar da ya yi sai ya ƙara lalata ta.

Bayan shekaru ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu ta ƙanƙance, ta yi tauri. Jini ya taru a ɗakin sama, ɗakin ya kumbura. Bugun zuciya ya rikice, ba tsari. A nan ma jini ya kwanta, ya daskare. Masu wannan ciwo a duniya sun fi mutum miliyan 40, kuma yana kashe fiye da mutum 300,000 a shekara. A shekarar 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yanke shawarar a yaƙe shi. Abin takaici, maganinsa a farko ba shi da tsada: penisilin ne, na allura ko na haɗiya, tun ciwon yana maƙogwaro.

Ban da waɗannan biyu, hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba yana gajiyar da zuciya. Toshewar jijiyar da ke ciyar da naman zuciya ita ma tana kashe wani yanki na bangon, jini ya daskare a wurin.

Ina gudan jini yake zuwa?

Gudan jini yana iya zama manne da bango, bai motsa ba. Haɗarin shi ne ranar da ya ɓalle, ko wani yanki nasa ya gutsure, jini ya tafi da shi. Ka tuna abin da muka ce: dama zuwa huhu, hagu zuwa jiki.

In daga hagu ya fito, yana iya zuwa ƙwaƙwalwa. Nan take baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu da ƙafa na gefe ɗaya su mutu. Shi ne shanyewar ɓarin jiki. Yana iya zuwa ƙafa: ƙafar ta yi ciwo mai tsanani farat ɗaya, ta yi sanyi, ta ƙi motsi. In ba a buɗe jijiyar cikin ƴan awoyi ba, ƙafar ta lalace.

In daga dama ya fito, ko ya taso daga jijiyar ƙafa ya ratsa ta ɗakunan dama, sai ya toshe hanyar huhu. Numfashi ya sarƙe, ƙirji ya yi suka, wani ya yi tarin jini, wani ya faɗi.

Waɗannan ba aikin iska ba ne, ba jifa ba ne. Toshewar jijiya ce. Wanda abin ya sama, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, domin yana iya shaƙewa. A kwantar da shi a kan gefensa, a nemi mota, a riƙe lokacin da abin ya fara domin a gaya ma likita.

Ƙari a cikin zuciya

Ƙari tsiron nama ne da ke fitowa inda bai kamata ba. Ƙarin da ya tsiro daga zuciya kanta ba shi da yawa ko kaɗan. Likita yana iya yin shekaru bai ga ko ɗaya ba. Kuma mafi yawansu ba ciwon daji ba ne, ba sa bazuwa cikin jiki.

Wanda aka fi gani ga manya sunansa miksoma. Ya fi kama mata, ƴan shekara 30 zuwa 60. Cikin guda 4, wajen 3 suna tsirowa a ɗakin sama na hagu. Yana da laushi kamar dafaffiyar kuɓewa, kuma yana rataye da ɗan siririn wuya a jikin bangon da ya raba ɗakunan sama. Wani kamar ƙwan zabo, wani kamar goruba, wani ya fi haka.

Ka ɗauki tulu mai ruwa, ka jefa goruba ciki, ka karkata shi. Ruwa ya fara zuba, sai gorubar ta zo ta toshe bakin. Ka girgiza, ta kauce, ruwa ya ci gaba. Haka miksoma yake yi ma ƙofar zuciya. Shi ya sa mai shi yakan ji numfashi ya ɗauke ko jiri ya kwashe shi in ya sauya zama ko kwanciya. Wani yakan suma. Wani yakan yi zazzaɓi mai daɗewa, ya rame, a yi ta ba shi maganin zazzaɓin sauro ko a yi zaton tarin fuka ne. Kuma tun da ƙarin yana da laushi, yana gutsurewa ya tafi ƙwaƙwalwa kamar gudan jini.

Akwai wani irin ƙari da ake haihuwar jarirai da shi, wanda sau da yawa yake ƙanƙancewa da kansa in yaro yana girma. Akwai kuma ciwon dajin da ya taso daga huhu ko nono ya kai ga zuciya. Wannan maganinsa yana tare da maganin ciwon da ya haifar da shi.

Yadda likita yake ganewa

Bari mu yi misali. A ce wata mata a wani ƙauye kusa da Matankari ta haihu wata biyu da suka wuce. Ƙafafunta sun kumbura. Ba ta iya daka. Da dare ba ta iya kwanciya miƙe, sai ta jingina da bango, tana tari. Uwar mijinta ta ce jego ne bai karɓe ta ba, a ƙara zafin ruwa. Mijinta kuwa ya ji wannan darasi. Sai ya kai ta gidan likita na kusa, wato CSI.

Majo zai fara da tambaya: yaushe abin ya fara, haihuwa ta nawa, ko ta taɓa ciwon gaɓoɓi tana yarinya. Zai taɓa jijiyar hannunta ya ji ko bugun yana da tsari. Zai auna tansiyo. Zai danna ƙafarta ya ga ko yatsa ya bar rami. Sa'an nan ya sa abin sauraren ƙirji, wanda wani likitan Faransa mai suna Laennec ya ƙirƙiro a shekarar 1816. Da shi ake jin ƙarar ƙofar da ta lalace da ƙarar ruwa a huhu.

In ya ga alamar zuciya ce, zai rubuta takarda ya tura ta asibitin gunduma. In abin ya fi ƙarfinsu, sai babban asibitin jaha a Doso, kusan kilomita 140 daga Dogon Dutsi. Daga Doso zuwa Yamai ma kusan kilomita 140 ne. A can ne ƙwararrun likitocin zuciya suke, a Asibitin Ƙasa na Yamai, da asibitin Lamorde, da babban asibitin da aka yi bikin buɗewa a shekarar 2016.

Ga gwaje-gwajen da za a yi mata. Hoton ƙirji yana nuna ko zuciya ta kumbura. Awon wutar zuciya, wanda ma'aikata ke ce ma ECG, yana zana bugun a kan takarda. Wayoyin da ake manna mata ba sa sa mata wuta, saurare kawai suke yi. Amma babban gwajin shi ne eko. Mata da yawa sun san eko, domin da shi ake duba jariri a ciki. Irinsa ne ake ɗorawa a ƙirji. Yana aika sauti wanda kunne ba ya ji, sautin ya bugi zuciya ya dawo, kamar yadda muryarka take dawo maka in ka yi kira a gindin dutsen Dogon Dutsi. Na'ura ta mai da shi hoto mai motsi. Mutum biyu a ƙasar Suwidin, likita Edler da masani Hertz, su suka fara duba zuciya ta wannan hanya a shekarar 1953. Ba ciwo, ba yanka, ba jini. Cikin rabin awa an gama.

Da eko likita yake ganin girman ɗakuna, da ƙarfin matsawa, da halin ƙofofi, da abin da ke cikin ɗaki. Ta yaya yake raba gudan jini da ƙari? Gudan jini yakan kwanta a lungun da jini ba ya gudu, cikin zuciyar da ta riga ta yi ciwo. Miksoma kuwa yakan rataya a bangon tsakiya yana lilo. In hoton bai fito sosai ba, ana zura siririn tiyo mai ɗan kan eko ta maƙogwaro, domin hanyar abinci tana bayan zuciya daf da ita. Wani lokaci a ƙara da hoton skana.

Maganin gudan jini

Ga labari mai daɗi. Mafi yawan gudan jinin zuciya ba sa bukatar yanka. Ana ba da maganin da ke hana jini saurin daskarewa. Gudan ya daina girma, jiki kuma ya narkar da shi sannu a hankali. Ana farawa da allurar heparin, sa'an nan a koma ƙwaya, kamar warfarin ko Sintrom. Akan sha wata 3 ko fiye, a sake yin eko. Wasu kuwa sha ne na har abada.

Warfarin yana da tarihin da zai ba makiyayi mamaki. A shekarun 1920 shanu a Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini. Aka bincika, aka gane wata ruɓaɓɓiyar harawa suke ci. Masana suka fitar da sinadarin da ke cikinta. A shekarar 1948 aka yi gubar ɓera da irinsa. A shekarar 1954 aka yarda a ba mutane shi bisa awo. Wannan ya nuna maka cewa awo shi ne komai. In ya yi kaɗan, jini ya daskare. In ya yi yawa, jini ya zuba.

Saboda haka mai shan wannan magani ya kiyaye waɗannan:

1. Ya sha a lokaci ɗaya kullum, yadda aka rubuta. Kada ya ƙara, kada ya rage.
2. Ya riƙa zuwa gwajin jini mai suna INR. Ga yawancin masu sha, lambar da ake so tana tsakanin 2 da 3. Kai da ka iya karatu yanzu, ka duba lambar da idonka.
3. Kada ya sayi aspirin ko maganin ciwon jiki wurin mai talla, kada ya haɗa da saiwa ko sassaƙe.
4. Kada a yi masa ƙaho, ko tsaga, ko cire haƙori, sai likita ya sani.
5. Zogale da rama da sauran ganye suna rage ƙarfin maganin. Ba a hana ci ba, amma a ci daidai yadda aka saba, kada yau tuli gobe babu.
6. In ya ga haɓo mai ƙin tsayawa, ko jini a fitsari, ko baƙin bayan gida, ya tafi asibiti a ranar.
7. Mace ta sani wannan ƙwaya tana iya cutar da ɗan tayi. Ta yi shawara da likita kafin ta ɗauki ciki.

Yaushe ake yin fiɗa?

Ana yi ma gudan jini fiɗa in ya yi girma yana lilo, ko ya toshe ƙofa, ko kuwa dama za a buɗe zuciyar domin gyara ƙofar da ta lalace. Ƙari irin miksoma kuwa babu ƙwayar da ke narkar da shi, babu allura, babu jiƙo. Fiɗa ce kaɗai maganinsa, kuma ba a jinkiri in an gane shi.

Za ka ce, yaya za a buɗe zuciya mutum bai mutu ba? Da can ba ya yiwuwa. Sai wani likitan Amurka, John Gibbon, ya yi shekaru yana ƙera injin da zai karɓi aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci. Ran 6 ga watan Mayu 1953 ya yi aiki da shi a kan wata budurwa a birnin Filadelfiya, ta tashi lafiya. A shekarar 1954 likita Crafoord na birnin Stockholm a Suwidin ya fitar da miksoma daga zuciyar wata mata, ta rayu shekaru masu yawa bayan haka. A maƙwabciyarmu Najeriya an fara irin wannan aiki a asibitin koyarwa na Inugu a shekarar 1974.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ana sa majinyaci barci mai nauyi, ba ya jin komai. Likita ya tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji. A sa tiyo a manyan jijiyoyi, jini ya bi ta cikin inji. Injin ya sa masa iska, ya mai da shi jiki. Sa'an nan a zuba ma zuciya wani ruwan magani mai sanyi, ta tsaya cik. Yanzu ba ta motsi, kuma babu jini a cikinta. Likita ya buɗe ɗakin. In gudan jini ne, ya kwashe shi duka, ya wanke wurin. In ƙari ne, ya yanke shi har da gindinsa, kamar yadda kake tuge ƙuduji da saiwarsa domin kada ya sake fitowa. In ramin da ya bari yana da faɗi, a yi masa faci da fatar da ke lulluɓe da zuciya. In ƙofa ta lalace, a gyara ta ko a sa ta ƙarfe ko ta fatar dabba. A ɗinke, a fitar da iska, a sake ma zuciya jini mai ɗumi. Sai ta fara bugawa. A cire injin, a ɗaure ƙashin da waya.

Aikin yakan ci awa 3 zuwa 5. Majinyaci ya yi kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman, ya yi mako ɗaya ko kwana goma a asibiti. Ƙashin ƙirji yana bukatar wata 2 zuwa 3 kafin ya haɗe sosai. A wannan lokaci ba daka, ba jan guga, ba noma, ba ɗaukar kaya. Abin da aka ciro ana kai shi ɗakin bincike a tabbatar da irinsa. A asibitocin da suka saba da aikin miksoma, cikin mutum 100 fiye da 95 suna fita lafiya, kuma ba safai yake dawowa ba. Duk da haka ana komawa eko lokaci lokaci. Wanda aka sa ma ƙofar ƙarfe zai sha maganin hana daskarewar jini iyakar ransa.

Gaskiyar da ya kamata ka sani

Ba za mu ɓoye maka ba. Fiɗar zuciya aiki ne mai tsada. Tana bukatar inji, da wutar lantarki mara yankewa, da jini a ajiye, da ma'aikata masu yawa. Ba a yin ta a asibitin gunduma. Likitocin zuciya na Yamai su ne ke duba majinyaci su faɗi inda za a yi masa aikin. Akwai ƙungiyoyin agaji da ke taimakawa. Ƙungiyar Emergency ta ƙasar Italiya ta buɗe asibitin zuciya mai suna Salam kusa da Khartum a shekarar 2007, ta yi ma dubban mutane daga ƙasashen Afirka aiki kyauta. Ƙungiyar Mécénat Chirurgie Cardiaque, wadda aka kafa a Faransa a shekarar 1996, tana kai yara can a yi musu aiki. Amma masu bukata sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba.

Shi ya sa rigakafi ya fi magani. Abin da ke hannunka ya fi abin da ke hannun mai fiɗa yawa. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, kai shi gidan likita, kuma ya shanye maganin har ƙarshe. Yaron da aka ce ciwon ya taɓa zuciyarsa, a riƙa yi masa allurar penisilin kowane mako 3 ko 4, shekara da shekaru, kada a tsallake. Mai ciki ta je awo. Mai jego da ta kumbura ko take haki, kada a jira arba'in. Wadda ta taɓa wannan ciwo kada ta sake ɗaukar ciki sai an duba zuciyarta da eko, domin ciwon yana iya dawowa da ƙarfi. Maigida, wannan nauyi a wuyanka yake. Kai ma ka auna tansiyo, ka rage gishiri, ka bar taba. In ka yi doguwar tafiya a mota, ka sauka ka taka ƙafa duk inda aka tsaya.

Kuma ka adana takardun asibiti cikin leda, ka tafi da su duk inda aka tura ka. Da can sai ka nemi mai karanta maka. Yanzu kai ne za ka karanta ranar komawa, da sunan magani, da yawan ƙwaya. Amfanin karatu ke nan.

Tambayoyi domin tattaunawa a wurin karatu

1. Ɗakuna nawa ne a cikin zuciya? Ina ɓangaren hagu yake tura jini?
2. Faɗi abu uku da ke sa jini ya daskare a cikin jiki.
3. Waɗanne alamu ne za su sa ka kai mai jego asibiti ba tare da jira ba?
4. Me ya sa ba a raina ciwon maƙogwaron yaro?
5. Me ya raba maganin gudan jini da maganin miksoma?
6. Rubuta abu uku da mai shan warfarin zai guje ma.

Ku karanta ma waɗanda ba su zo ba. Ku karanta ma matanku da iyayenku. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.